Tsuntsu ne ke sa ranar tafiya: jagoran zuwa kallon tsuntsaye daga Garwa zuwa Zakuma

Duk wanda ya tashi a Garwa ko Marwa ya san shamuwa. In ta sauka a kan tsamiyar unguwa, tsofaffi sai su ce a gyara garma, ruwa ya kusa. Amma ka tambayi mutum ina take tafiya bayan kaka, sai ya ɗaga kafaɗa. Kudu take yi, ta tsallake tsakiyar Afirka tana bin damina da fara, har ƙasashe irin su Zambiya da Zimbabuwe. A daidai lokacin da take barinmu wasu baƙin ke sauka daga Turai: farar shamuwa, da ƙananan agwagin ruwa, da tsattsewa, da kurciyar Turai. Mutanen can ma sun daɗe cikin duhu a kan inda nasu tsuntsayen ke ɓacewa da sanyi. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da garin Klütz a Jamus, da mashin Afirka soke a wuyanta, ta yi doguwar tafiyar nan da shi. Har yau tana ajiye a jami'ar Rostock.

Turawa na biyan kuɗi masu nauyi su zo ganin abin da ke bayan gidanmu. Na rubuta wannan ne domin ɗan'uwan da ke son ya yi irin wannan tafiya da kansa, da ɗan jagora, ya fara daga nan arewacin Kamaru ya tsallaka Chadi. Zan bi matakan yadda suke zuwa, wasu da tsawo, wasu a taƙaice.

Mataki na farko: zaɓi tsuntsu kafin ka zaɓi gari

Yawancin masu farawa sukan ce za su gandun dajin Waza a Kamaru, ko za su na Zakuma a Chadi, sannan su tambayi abin da ake gani a can. Juya lissafin. Ɗauki takarda ka rubuta tsuntsaye goma zuwa goma sha biyar da kake marmarin gani, ka raba su gida biyu.

Gida na ɗaya masu ƙaura ne, baƙin da ke zuwa su koma. Su suna buƙatar ka dace da wata. Gida na biyu 'yan ƙasa ne da ba a samunsu ko'ina a duniya sai a wani ɗan yanki. Su kuma wuri suke buƙata, wani lokaci kwari guda ko gefen dutse guda. A Kamaru an ƙidaya nau'in tsuntsaye sama da 900, kuma kaɗan daga ciki namu ne mu kaɗai. Akwai wata ƙaramar tsuntsuwa mai suna Apalis bamendae da ke zama a bishiyoyin bakin rafi a tudun Adamawa. Akwai kurciyar Adamawa, mai jan ƙirji da duhun baya, wadda cibiyar zamanta ita ce tsakanin Najeriya da Kamaru da kudu maso yammacin Chadi. A duwatsun Mandara akwai wani ɗan jan tsuntsu dangin ba'u da ke zama cikin duwatsu, wanda sai a 1998 masana suka bayyana shi daga tudun Jos. Can kudu kuwa, a dajin dutsen Oku, akwai wani tsuntsun kurmi, turako mai jan tukku, da ake kira da sunan Bannerman. Amma rikicin yankin Arewa maso Yamma ya sa ba zan tura kowa can ba a yanzu.

Kada sunayen Latin su razana ka. Amfaninsu ɗaya ne: ɗan jagoran da ke jin Faransanci da kai mai jin Hausa ku tabbata tsuntsu ɗaya kuke nufi.

Mataki na biyu: wata

Nan ne tafiya ke gyaruwa ko ta lalace, don haka zan daɗe a kai.

Baƙin Turai suna fara isowa daga Satumba zuwa Oktoba, su cika fadamu a Disamba da Janairu, su fara juyawa gida daga Maris. Zuwa ƙarshen Afrilu yawancinsu sun tafi. In don su kaɗai za ka, Janairu ya fi daɗi: ba zafi, sauro ya ragu. Illarsa hazo. Akwai safiyar da za ka ɗaga madubi ka ga bishiya kamar an lulluɓe ta da toka, launin tsuntsu ya ɓace, hoto kuwa sai hakuri. Ga kuma ruwa bai gama janyewa ba, tsuntsaye sun watsu ko'ina, ba abin da ya tilasta musu taruwa wuri guda.

Maris da Afrilu akasin haka ne. Zafi yakan wuce digiri 40, amma tafkuna sun ƙafe saura 'yan kaɗan, kuma duk mai rai dole ya zo inda ruwan ya rage. A lokacin ne ake ganin gauraka garke-garke, da kwasakwasa, da dinya, da kirinjijiya, da babba-da-jaka, duk a bakin kududdufi ɗaya. A ganina ƙarshen Fabrairu zuwa tsakiyar Maris ya fi kowane lokaci: baƙi ba su gama tafiya ba, ruwa ya fara ƙaranci, hazo ya lafa, zafin kuma bai kai na fitar hankali ba. A wannan tsakanin ne kuma namijin yautai ke da dogayen gashin nan biyu masu kama da tuta, ɗaya a kowane fiffike. In ya tashi da magariba sai ka rantse ƙananan tsuntsaye biyu ne ke bin sa a baya.

Sai dai akwai tsuntsayen da rani ba ya nuna su. Ƙananan baƙaƙen nan masu sheƙi da ke saka ƙwai a sheƙar ba'u, da jajayen da ke lilo a kan karan gero, ba sa sa kayan ado sai ƙarshen damina, daga Agusta zuwa Nuwamba. Da rani duk sun koma ruwan ƙasa, ko gwani ma sai ya yi da gaske. Su baƙaƙen akwai abin mamaki a lamarinsu. Hausawa na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, to shi wannan kukan gidan da ya yi agolanci yake yi: namijin yana kwaikwayon kukan nau'in ba'un da ya rene shi, kuma da wannan kukan ne ake gane wane iri ne shi. In su kake so, tafiyar kaka ce, kuma ba a Zakuma ba, domin da damina ruwa yana shafe hanyoyin gandun a rufe shi, sai rani a sake buɗewa.

Duba kalandar Musulunci ma. Yini a bayan mota cikin zafin Maris da azumi a baki ba ƙaramin aiki ba ne, ko da matafiyi yana da sauƙin da shari'a ta ba shi.

Mataki na uku: hanya

Tsarin da nake ba mai farawa shawara kwana goma sha biyu ne zuwa sha huɗu, daga kudu zuwa arewa, daga sanyi zuwa zafi.

Fara daga Ngaundare. Tudu ne da ya haura mita 1,000, da sanyin safiya. Kudu da garin, tafiyar kamar kilomita 40, akwai Ngaundaba, masauki a bakin tafkin da ke cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta. Kurmin bakin rafin wurin ne ake neman Apalis bamendae. Ba shi kwana biyu ko uku. Mai zuwa daga Yawunde yana iya hawo jirgin ƙasa na dare ya sauka a Ngaundare.

Daga nan ka gangaro gandun dajin Binuwai, wanda ke kan hanyar Garwa. Faɗinsa murabba'in kilomita 1,800, an mai da shi gandun ƙasa a 1968. Abin nema a nan yana bakin kogi: kurciyar Adamawa da ke saukowa shan ruwa da sassafe, da wani ɗan tsuntsun yashi mai shuɗi-shuɗin baya da baƙin ɗamara a ƙirji, wanda ke binne ƙwansa a cikin rairayi. A gaɓar kogin kuma za ka ga ramuka jere, gidajen wasu tsuntsaye ne masu cin ƙudan zuma, masu jan maƙogwaro. Kada kallon sama ya mantar da kai ƙasa: akwai dorina da kada, kuma dorina ba ta son a shiga tsakaninta da ruwa.

Waza fa? A da ita ce kan gaba. Murabba'in kilomita 1,700, kusan kilomita 120 arewa da Marwa, ga jimina, ga tuje, ga gauraka, ga fadamar Logon da ambaliya ke cikawa, ko da yake madatsar Maga da aka gina a 1979 domin noman shinkafa ta rage wannan ambaliya ƙwarai. Tun da aka sace wasu iyalin Faransawa a kusa da wurin a Fabrairun 2013 baƙi suka ɗauke ƙafa. Ba a shiga yankin Mora da Waza da labarin bara. Ka tambayi hukuma da direbobin da ke bin hanyar a satin da za ka tashi, in an ce a dakata ka dakata. Tsuntsu ba ya ƙarewa.

Sai tsallakawa. Daga Kusiri a haye gadar Ngeli zuwa N'Djamena, kuma wanda bai natsu da hanyar mota ta Kusiri ba ya nemi ta sama. Daga N'Djamena zuwa Zakuma kusan kilomita 800 ne ta Mongo, yini guda cur ko a kwana a hanya. An kafa gandun a 1963 a yankin Salamat, kusa da Am Timan, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 3,000. Maharba sun kusa ƙarar da giwayensa, daga dubu huɗu da wani abu a 2002 zuwa ƙasa da 500 a 2010, shekarar da gwamnatin Chadi ta damƙa kula da shi ga ƙungiyar African Parks. Tsaron da aka kafa domin giwa shi ne ya amfani tsuntsu da mai kallonsa. Masauki mafi sauƙin samu shi ne Tinga, kuma ana kama wuri tun watanni kafin lokaci.

A Zakuma ka roƙi a kai ka fadamar Rigueik da la'asar sakaliya. Jan-baki ne ke zuwa shan ruwa, su taso kamar hayaƙin gobara, su murɗe a sama, su zubo kan ruwa lokaci guda, ƙarar fukafukansu kamar ruwan sama a kan kwano. Na san manomin masakwa da ya kwana yana kaɗa gwangwani a gona ba zai ga abin sha'awa a nan ba, kuma yana da gaskiyarsa. Amma ka gan su sau ɗaya a inda ba gonar kowa.

Mataki na huɗu: ɗan jagora

Gandun daji zai haɗa ka da ma'aikacin rakiya, wannan dole ne, kuma aikinsa tsaron lafiyarka da sanin hanya. Sanin tsuntsu wani fanni ne daban. Na taɓa yin kwana uku da wani bawan Allah da ya san sawun zaki kamar tafin hannunsa, amma duk abin da ya tashi sama in ƙarami ne ya ce tsuntsu, in babba ne ya ce shaho. Laifina ne, ban tambaya ba kafin mu tashi.

Yanzu ga yadda nake yi. Ina tura wa mutum jerin tsuntsayena in ce ya gaya mini wanne ake samu a ina, a wane wata, da wanda ba za a samu ba sam. Wanda ya ce duka za mu gani, in sha Allahu ba matsala, na gode masa na nemi wani. Gwani zai ce maka wannan sai an yi sa'a, wancan kuwa ka makara da wata biyu. Sannan in kunna masa kukan tsuntsaye uku ko huɗu ta waya. A kurmi kunne ne ke fara gani kafin ido, ɗan jagoran da ba ya gane kuka rabin aiki zai yi maka. Tambayi kuma ko yana da babban madubi mai ƙafa uku, domin tsuntsayen ruwa sukan tsaya nesa. A Garwa muna da makarantar koyon kula da namun daji da aka buɗe a 1970, wadda ɗalibai ke zuwa daga ƙasashen Afirka da dama. Wuri ne mai kyau na fara tambaya.

Kada ku wuce mutum huɗu zuwa shida. In kun fi haka, na gaba ya gani, na baya ya ji labari. Harshe ma abin dubawa ne: Hausa da Fulatanci za su kai ka har Kusiri, amma a Salamat Larabcin Chadi ne ke aiki, sai Faransanci.

Ku rubuta yarjejeniya, ko da a saƙon waya ne. Wa ke biyan man mota, da kuɗin shiga gandu, da kuɗin kyamara in ana karɓa, da abinci da makwancin direba da ɗan jagora? In mota ta lalace, wa ke nemo wata? In tsaro ya hana tafiya, nawa ake mayarwa daga kafin alƙalami? Kada ka biya duka tun farko. Motar kuma ta zama mai jan ƙafa huɗu, da tayar safaya biyu. Abokai da yawa adashi suke yi na shekara guda domin irin wannan tafiya, kuma kuɗin mota in an raba shi biyar ba ya karya mutum.

Mataki na biyar: takardu da lafiya

Kamaru da Chadi duk suna cikin CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, kuma tun 2017 ɗan ƙasa ɗaya yana shiga ɗaya ba biza na ɗan gajeren zama, muddin takardunsa na zamani ne kuma ba su mutu ba. Sefa ɗaya muke kashewa. Ɗan'uwa daga Nijar ya lura: sefarsa ta Yammacin Afirka ce, sai an canza. Mai zuwa daga Najeriya ko wata ƙasa ya je ofishin jakadanci tun da wuri, ya tambayi har batun rajista wurin 'yan sanda bayan isa N'Djamena. Riƙe tsabar kuɗi, daji ba na'urar cirar kuɗi.

Katin rigakafin shawara dole ne. Rani lokacin sanƙarau ne, a yi allurarsa. Ga likita a kan maganin zazzaɓin cizon sauro, ka tafi da gidan sauro. Kada ka yi wanka a ruwan da ke kwance saboda tsargiya. Ruwan sha kuwa ka ɗauki fiye da yadda kake zato, da gishirin haɗawa na masu gudawa, yana maido da ƙarfi bayan zufa.

Mataki na shida: kaya

Madubin hangen nesa, wanda a nan muke ce wa jumel, shi ne jarinka. Nemi mai lamba 8x42. Takwas ɗin na nufin yana kusanto da abu sau takwas, arba'in da biyun kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, wanda ke tara haske da asuba da magariba. Mai lamba 10 ya fi kusantowa amma yana rawa a hannu, kuma filin da yake nunawa ya fi ƙunci. Saita shi da idonka tun a gida: rufe gilashin dama, juya ƙafar tsakiya har hagu ya fito tangaran, sannan rufe hagu ka juya zoben da ke jikin na dama. Yi sati biyu kana gwaji da hasbiya da hankakan unguwa. Dabarar ita ce ka kafe tsuntsu da ido, ka ɗago madubin zuwa fuskarka ba tare da ka sunkuya ba. In ƙura ta hau gilashi, hure ta tukuna. Goge shi da bakin riga yana karce shi.

Littafin da ya haɗa tsuntsayen Kamaru da Chadi shi ne na Nik Borrow da Ron Demey a kan tsuntsayen Yammacin Afirka, akwai shi da Ingilishi da Faransanci. Manhajar waya ta Merlin, mai taimakon gane tsuntsu, da ta eBird, ta ajiye jerin waɗanda aka gani, kyauta ne, amma sauke bayanan ƙasashen biyu tun kana da intanet. Ƙaramin littafin rubutu da fensir ba sa mutuwar caji.

Tufafi masu ruwan ƙasa ko kore mai duhu. Farar shadda tana korar tsuntsu tun daga nesa, baƙi da shuɗi kuma suna jawo ƙudan tsando, wanda ke da yawa a Binuwai da Zakuma. Kada ka kuskura ka sa kaya masu kama da na soja. A shingen bincike ka ajiye madubi da kyamara a jaka, in an tambaya ka nuna littafin tsuntsaye ka yi bayani da ladabi. Gada, bariki, filin jirgi, ko da mikiya ce ta sauka a kai, ka wuce.

Mataki na bakwai: yini a daji

Ana idar da sallar asuba a fita. Sa'o'i ukun farko sun fi sauran yinin duka albarka. Daga ƙarfe goma sha ɗaya a koma inuwa, a ci abinci, a yi ƙailula, ko a zauna a bakin ruwa a jira masu zuwa sha. Hantsi ya dace da ungulu da gaggafa, domin sai iska ta yi zafi suke hawa. Bayan la'asar a sake fita har duhu, da tocila, domin yautai da mujiya.

In ka ga wanda ba ka sani ba, kada ka ruga buɗe littafi, kafin ka sami shafin ya tashi. Kalle shi har ya gaji da kai. Girmansa kamar kurciya ne ko kamar zabo? Bakin gajere ne mai kauri ko siriri mai lanƙwasa? Ƙafa wane launi? Me yake yi, a ƙasa ko a reshe? Rubuta, sannan ka duba. In za ka nuna wa abokin tafiya, ban da miƙa hannu da ihu. Ka ce a hankali: baushen can, reshen hagu, ƙasa da inda ya bushe. Babban garke kuma ba a ƙirga shi ɗaya-ɗaya. Ƙirga goma, ka ga faɗin da suka ci, ka auna sauran da shi. In sun yi yawa ƙwarai, ka auna da ɗari.

Wasu 'yan jagora suna kunna kukan tsuntsu don ya fito. Sau ɗaya ko biyu na ɗan lokaci ba laifi, amma in aka dame shi yana barin sheƙa ya zo faɗa da abokin gabar da babu shi. In ka ga abin ya yi yawa ka ce, Malam, a bar shi haka. Kada a matsa kusa da sheƙa. A ƙauye ko ruga a fara da gaisuwa wurin mai gari ko arɗo, a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum ko dabbarsa. Sau da yawa yaron da ke kiwo ya fi kowa sanin inda burtu ke kwana, kuma in ya kai ku a sallame shi da abin kirki.

Kowane dare kafin barci ku zauna ku haɗa jerin abin da aka gani, da wuri da adadi. Wanda ba a tabbatar ba a sa masa alamar tambaya, kada a cusa shi don jeri ya yi tsawo. In kun dawo inda akwai intanet ku shigar da shi eBird, domin yankunanmu na cikin wuraren da bayanai suka yi ƙaranci, kuma masu ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi duk Janairu a faɗin duniya suna neman masu ido irin naku. In kuma kuka tarar da mataccen tsuntsu, kada ku taɓa shi da hannu saboda murar tsuntsaye. Duba ƙafarsa da sanda. In akwai zoben ƙarfe, a jikinsa za ka ga lamba da sunan cibiyar da ta sa shi. Ɗauki hoton zoben ta kowane gefe, rubuta rana da sunan ƙauyen da ya fi kusa, ka aika musu. Sukan amsa su gaya maka inda aka sa masa zoben da shekarar da aka sa.